Babi na Shida: Wane Yare Ne Wannan?

A farkon shekarar 1964 wasiƙun iyaye suka fara isa ofisoshin gwamnatin Amurka, har da na babban lauyan ƙasa, Robert Kennedy. Kukansu ɗaya ne. Akwai wani faifai da 'ya'yansu ke rububin saya, sunansa "Louie Louie", na wasu samari masu kiran kansu Kingsmen, kuma wai maƙare yake da batsa. Abin da ya dagula lamarin shi ne ba mai iya kama abin da mawaƙin yake faɗa. Murya ce ta saurayi, tana fitowa a cakuɗe da ganga da jita, wani wuri ka ce Turanci ne, wani wuri ka rantse ba shi ba ne. A makarantu yara suka riƙa rubuta baitocin da kunnensu ya raya musu a 'yan guntayen takardu, suna miƙa wa juna a ɓoye, kowa na cewa nasa ne na ainihi. Irin waɗannan takardu ne suka faɗa hannun iyaye, kuma duk uban da ya tsinci ɗaya a aljihun 'yarsa dole hankalinsa ya tashi. Gwamnan jihar Indiyana, Matthew Welsh, ya nemi gidajen rediyo su daina sa waƙar. Daga nan hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta buɗe fayil.

Jami'an sun ɗauki aikin da gaske. Suka kai faifan ɗakin gwaji, suka juya shi da sauri, suka juya shi a hankali, suka kasa kunne. Suka yi wa mutanen kamfanin faifan tambayoyi, suka nemi wanda ya rubuta waƙar. An haura shekara ana abu ɗaya, fayil ya wuce shafi 100, ƙarshe aka rufe shi da cewa ba a iya tantance kalmomin ba, don haka ba hujjar da za a ce batsa ne.

Dalilin cakuɗewar muryar kuwa ba wani asiri a cikinsa. A watan Afrilun 1963 samarin suka shiga wani ɗan ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti a birnin Fotland na jihar Oregon. An rataye makirufo can sama, mawaƙinsu Jack Ely ya tsaya a ƙarƙashinsa, ya ɗaga kai yana kwarara murya don kada kayan kiɗa su danne shi, ga wayar gyaran haƙori a bakinsa. Ɗauka ɗaya aka yi. Har wurin da ya yi riga-malam-masallaci ya shigo da baiti kafin lokacinsa aka bar shi a faifan. Waƙar ma ba tasu ba ce. Wani baƙar fata ɗan Los Anjalis mai suna Richard Berry ne ya tsara ta, ta fito a 1957, kuma labarinta na wani matuƙin jirgin ruwa ne da ke ɗokin komawa Jamaika ya ga masoyiyarsa. Berry ya rubuta ta yana kwaikwayon Turancin mutanen Jamaika, samarin Fotland suka kwaikwayi wasu da suka kwaikwaye shi, Ely ya ƙarasa murɗe abin da ya rage. Ashar ɗaya tak ke cikin faifan, wanda mai ganga Lynn Easton ya saki kafin a cika minti guda, lokacin da sandar kiɗa ta kuɓuce masa, kuma masu binciken ba su lura da shi ba. Shi kuwa Berry, tun 1959 ya sayar da haƙƙin waƙar a kan dala 750 don ya yi hidimar aurensa, sai a shekarun 1980, bayan ya sha wuya, wani kaso na haƙƙin ya dawo hannunsa.

Na fara da wannan labari ne saboda ya nuna halin kunnen ɗan Adam. Kunne ba ya son giɓi. In ya ji murya tana furta abin da bai gane ba, sai ya cike gurbin da abin da zuciya ke tsoro ko take sha'awa. Tarihin kiɗan rok cike yake da irin wannan: matasa na neman saƙon sirri, manya na neman tsafi ko batsa, ana ta musu a kan ko wannan baiti Latin ne, ko Larabci, ko kuwa a baibai aka rera shi. Sai dai tambayar da aka fi yi, wato "me ake nufi?", sau da yawa ba ita ce mai amfani ba. Wadda ta fi ta ita ce: daga bakin wa aka fara jin wannan?

Wani lokaci amsar ita ce ba daga bakin kowa ba. A 1972 Adriano Celentano, haifaffen Milan kuma ɗaya daga waɗanda suka fara kai kiɗan rok ƙasar Italiya, ya fitar da wata waƙa mai dogon suna, "Prisencolinensinainciusol". Duk wanda ba ya jin Turanci zai ɗauka Ba'amurke ne ke waƙa. Lanƙwasa harshen, jan wasula, haɗiye ƙarshen kalma, komai ya zauna daram. Amma in ka cire wata 'yar kalma ɗaya ko biyu, ba Turanci ko kaɗan a ciki, ba kuma wani yare. A talabijin ɗin Italiya ya fito da shigar malamin makaranta yana rera ta a gaban ɗalibai. Bayan shekaru ya bayyana cewa abin da ya so ya nuna shi ne yadda mutane ke magana ba sa fahimtar juna, don haka ya ga ya dace kalmomin su zama ba su da ma'ana. Shi Ba'amurke in ya saurare ta, a karon farko a rayuwarsa yana jin yadda harshensa ke sauka a kunnen baƙo.

'Yan ƙungiyar Sigur Rós ta ƙasar Aislan sun kai abin nesa da haka. Faifansu na 2002 ba shi da suna sai baka biyu da ba komai a tsakaninsu, waƙoƙi takwas ɗin ciki ma ba su zo da suna ba, kuma mawaƙinsu Jónsi ya rera su duka da gaɓoɓin da ya ƙirƙira, marasa ƙamus, marasa nahawu. Ɗan littafin da ke cikin kwalin faifan fararen shafuka ne, don mai saurare ya rubuta abin da ya ji. Akwai kuma wanda haɗari ne kawai: sunan doguwar waƙar nan ta Iron Butterfly ta 1968, mai minti 17, "In-A-Gadda-Da-Vida", ya samo asali ne daga mawaƙin da ya sha giya harshensa ya yi nauyi yana ƙoƙarin ambaton lambun Adnin da Turanci, mai gangarsu ya rubuta abin da kunnensa ya ji.

Ni ban ga aibun wannan ba. Murya kayan kiɗa ce tun kafin a ɗora mata kalma, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Shekara da shekaru mutanen Kano da Zariya da Damagaram suna rera waƙoƙin finafinan Indiya daga farko har ƙarshe ba tare da sanin ma'anar baiti ɗaya ba, wasu har da hawaye. 'Yan bandiri suka ɗauki karin waƙoƙin suka ɗora musu begen Annabi da Hausa. Wanda ya taɓa ganin haka ya san cewa akwai abin da ke ratsa zuciya kafin fassara ta iso.

Wani lokacin kuma baƙon kalma a wurin wani, ɗan gida ne a wurin wani. Faifan ƙungiyar Queen mai suna "Jazz", na 1978, ya buɗe da waƙar "Mustapha". Baturen Landan da ya saye shi ya ji wani kira mai kama da na gabas, bai san kansa ba bai san gindinsa ba. Bahaushe kuwa daga saurare ɗaya zai tsinci sunan Mustafa da na Ibrahim, zai ji an ambaci Allah, zai ji sallama. Sauran kuma, in ban da ɗan Turanci kaɗan, gaɓoɓi ne masu ƙamshin Larabci da Farisanci waɗanda ba su haɗu sun ba da jumla ba. Mawaƙin, Freddie Mercury, sunansa na yanka Farrokh Bulsara, an haife shi a Zanzibar a 1946. Iyayensa 'yan ƙabilar Farsi ne daga Indiya, mabiya addinin Zaradashtu, ba Musulmi ba, amma a tsibirin Musulmi ya buɗe ido, kafin juyin juya halin 1964 ya kori iyalin zuwa Ingila. Shekara uku kafin "Mustapha" ma ya riga ya saka basmala a tsakiyar "Bohemian Rhapsody". Mutum ne da ba ya son yi wa waƙoƙinsa tafsiri. Abin da nake ji a waƙar shi ne sautin yarinta, abin da yaro ya ji a kasuwa da lungu ya riƙe amonsa bai riƙe ma'anarsa ba. Duk da haka Musulmin da ya ji nauyin a sa sunan Allah cikin wannan hayaniya yana da gaskiyarsa, domin abin da yake ado a wurin mai waƙar, a wurinsa ibada ne.

A nan ne maganar ta fara nauyi, kuma ta fi nauyi idan aka zo kan Afirka.

A 1979 ƙungiyar Talking Heads ta Niyok ta buɗe faifanta "Fear of Music" da waƙar "I Zimbra". Kiɗan ya sha ruwan Afirka ta Yamma, don mawaƙinsu David Byrne da Brian Eno, wanda ya taya su haɗa faifan, sun daɗe suna sauraren Fela Kuti. Mai saurare na iya ɗauka cewa kalmomin ma daga nan suke. Alhali daga Zurik ta Suwizalan aka ɗauko su, daga wata waƙar baka da Bajamushe Hugo Ball ya tsara a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ball da abokansa na ƙungiyar Dada sun ga yadda jaridu da 'yan siyasa suka yi amfani da daddaɗan lafazi suka tura miliyoyin samari ramukan yaƙi, sai suka yanke ƙauna daga kalma. A wani ɗan gidan shaƙatawa mai suna Cabaret Voltaire, Ball ya hau dandamali sanye da rigar kwali mai tauri da doguwar hula, ya riƙa karanto gaɓoɓin da ba na kowane harshe ba. Wannan ɓacin rai ne na gaskiya, kuma ina girmama shi. Amma a wannan dandamali ne abokinsa Richard Huelsenbeck yake buga ganga yana karanta abin da ya kira waƙoƙin baƙar fata, waɗanda shi ya ƙaga su da kansa. Wato Baturen da ke neman magana marar ma'ana, wurin da hankalinsa ya fara zuwa shi ne bakin mutumin Afirka.

Wannan zato ya daɗe bai mutu ba. Lionel Richie, wanda shi kansa jikan Afirka ne, ya sha ba da labarin yadda ya so ya saka kalmomin Afirka a waƙarsa "All Night Long" ta 1983, ya nemi taimakon wani sanannensa, aka gaya masa harsunan nahiyar suna da yawa, wanne yake so? Lokaci ya ƙure masa, sai ya ƙirƙiro nasa, ya yayyafa 'yan kalmomin Suwahili. Bai ɓoye ba, kuma ba da mugun nufi ya yi ba. Sai dai miliyoyin mutane sun yi rawa da ita suna ganin sun ji yaren Afirka, kamar nahiyar mai harsuna kusan 2,000 baki ɗaya gare ta.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne kishiyarsa, wato a ɗauki maganar mutum mai ma'ana a mayar da ita sambatu. Duk wanda ya san faifan "Thriller" na Michael Jackson, na 1982, ya san amshin da ke rufe waƙar farko, wanda jama'a da dama suka ɗauka wasa da baki ne kawai. Amshin yana da mai shi. Manu Dibango, mai busa ɗan Duwala, shi ya tsara shi a "Soul Makossa" a 1972, yana gutsuttsura sunan makosa, kiɗan rawar mutanen Duwala. A bayan faifan da aka yi don gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, wadda Kamaru ta karɓi baƙuncinta a shekarar, aka lanƙaya ta. Faifan ya ɓulla a wani shago a Buruklin, masu sa kiɗa a gidajen rawa na Niyok suka ɗauka, a 1973 ya shiga jerin waƙoƙin da aka fi saya a Amurka. Ba a nemi izinin Dibango ba kafin a saka amshinsa a faifan da ya fi kowane faifai kasuwa a tarihi. Ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu. Dibango dai a lokacin sananne ne, yana zaune a Faransa, yana da lauya. Solomon Linda ba shi da ko ɗaya.

Linda Bazulu ne, ya tashi yana kiwon shanu a karkarar Natal, ya shigo Johannesbag neman abinci kamar dubban 'yan'uwansa. Shi da abokan waƙarsa, Evening Birds, suna cin ado da kwat da hula su shiga gasar waƙa da ake yi a masaukin 'yan ci-rani a daren Asabar, ba ganga ba jita, muryoyi zalla. A 1939 suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Gallo suka rera "Mbube", wato zaki da harshen Zulu. Manyan muryoyi na ƙasa suna maimaita kiran zakin, Linda na yawo a samansu da siririyar murya. Dab da ƙarshen ɗauka ta uku sai ya saki wani ɗan karin da ya zo masa nan take, 'yan daƙiƙu kaɗan. Wannan ɗan karin shi ne wanda duniya duka ta sani yau. An biya shi sule goma, kamfani ya riƙe haƙƙin. Faifan ya yi kasuwa a kudancin Afirka har sunansa ya zama sunan salon waƙar gaba ɗaya, salon da daga baya ya haifi irin su Ladysmith Black Mambazo. Shi kuwa Linda aikin da ya samu a kamfanin shi ne shirya fayafayi a kwali.

Bayan kimanin shekara goma faifan ya isa Amurka, ya faɗa hannun mai tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax, shi kuma ya miƙa wa mawaƙi Pete Seeger. Seeger ya so waƙar ƙwarai. Ya zauna da alƙalami yana sauraren tsohon faifai mai ƙaraurau, ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi daga amshin Zulu, sai ya fito da "Wimoweh", kalmar da babu ita a kowane harshe. Da wannan suna ƙungiyarsa, Weavers, ta fitar da ita, ta yi tashe a 1952. A gurbin mawallafi aka rubuta Paul Campbell, sunan da ba mutum a bayansa, wanda ake amfani da shi don karɓar kason waƙoƙin da aka ɗauka na gargajiya ne. A 1961 wasu marubutan waƙa uku, George Weiss da Hugo Peretti da Luigi Creatore, suka ɗora baitocin Turanci a kan ɗan karin nan na Linda, aka sa mata suna "The Lion Sleeps Tonight", ƙungiyar Tokens ta rera, ta hau mataki na ɗaya a Amurka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1962 ciwon ƙoda ya kashe Linda a cikin talauci, iyalinsa suka shekara 18 kafin su iya sa dutse a kabarinsa.

A ganina kuskuren ji da Seeger ya yi ba ƙaramin abu ba ne a wannan tafiya, ko da yake ba da gangan ya yi ba, kuma da ya san Linda na raye ya aika masa da kuɗi, ya ce a riƙa tura masa kasonsa. Muddin kalmar tana nan da Zulu, akwai hanyar da za a bi a tambaya: su wa ke wannan harshe, wa ya rera, ina yake? Da ta koma gaɓoɓi uku marasa asali, sai waƙar ta zama kamar tsintuwa, kowa ya ɗauka ya sa sunansa. Yaran Amurka da Turai sun girma suna rera ta a makaranta da sansanin hutu, in sun tambayi ma'ana a ce musu ai kiɗan daji ne kawai.

Sai a shekarar 2000 wani ɗan jaridar Afirka ta Kudu, Rian Malan, ya bi sawun kuɗin, ya buga dogon rahoto a mujallar Rolling Stone. A lokacin kamfanin Disney ya riga ya saka waƙar a fim ɗin "The Lion King" na 1994, kuma Malan ya ƙiyasta abin da ta tara da kimanin dala miliyan 15, alhali 'ya'yan Linda mata suna Soweto cikin rashi. Lauya Owen Dean ya tono wata tsohuwar dokar haƙƙin mallaka ta daular Birtaniya, ta 1911, wadda ke aiki a Afirka ta Kudu a zamanin da Linda ya sa hannu. Dokar ta ce shekara 25 bayan mutuwar mawallafi haƙƙin aikinsa na komawa ga magadansa, ko da ya sayar. Da ita aka shigar da ƙara a kan Disney a 2004. A watan Fabrairun 2006 kamfanin Abilene Music, mai riƙe da haƙƙin waƙar, ya amince a sasanta. Ba a bayyana adadin kuɗin ba, amma an yarda a rubuce cewa daga "Mbube" waƙar ta fito, za a biya magada na baya da kason gaba, kuma za a riƙa sa sunan Solomon Linda cikin mawallafanta, shekara 44 bayan rasuwarsa.